Hannuna yana sagewa duk lokacin da na ɗaga shi sama

Malamar Firamare: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilimin lafiya a cikinmu ku taimaka min da haske. Na jima ina fama da hannuna na dama. In na ɗaga shi ina rubutu a allo, ko ina shanya, ko ina taje kaina, sai ya sage tun daga kafaɗa, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su yi dindiris, har alli yakan suɓuce min. In na sauke hannun na ɗan jima sai ya dawo daidai. Da daddare ma yakan tashe ni, musamman in na yi matashi da shi. Akwai kuma tsami a gefen wuya da ke hawa har ƙeya. An auna suga, lafiya ƙalau, hawan jini babu. A kemis an ce sanyi ne, na sha magani har na gaji. Shekaruna 34.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah ya yaye miki. Wannan ai sanyin ƙashi ne, ba wata tantama. Ki daina wanka da ruwan sanyi, ki riƙa shan citta da kanumfari, ki shafa man zafi kafin ki kwanta. In ya ƙi, a kira wanzami ya yi miki ƙaho a kafaɗar, mataccen jini ne ya taru.

Abban Yara: Allah ya sawwaƙe Malama. Ni dai tsorona kada ya zamo shanyewar ɓarin jiki ce ke sallama. Haka kawuna ya fara da hannu.

Malamar Jinya: Abban Yara, a sassauta, kada a tayar mata da hankali. Shanyewar ɓarin jiki farat ɗaya take zuwa: baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ko ƙafa su saki, kuma sauke hannu ba ya sa ta lafa. Ciwon da ke zuwa in an ɗaga hannu ya tafi in an sauke, wata da watanni, wani abu ne daban. Amma tunda an taɓo maganar, duk wanda ya ga waɗancan alamun, ko ya ji ciwo na sauka a hannun hagu tare da nauyin ƙirji da gumi, asibiti zai nufa nan take.

Likitan Gashi: Wa alaikumus salam Malama, sannu da jiki. Ba a yanke wa mutum ciwo ta waya, sai an gan shi an taɓa. Amma yadda kika jero abin, akwai larurar da ya wajaba a bincika, wadda mu masu gashin ƙashi muke cin karo da ita, kuma sau da yawa ana daɗewa ba a gano ta ba. Ita ce matsewar mafitar ƙirji. A takardar asibiti za ki ga an rubuta TOS.

Ki sa yatsa a kan ƙashin nan da ya taso daga gindin wuya ya nufi kafaɗa. A ƙarƙashinsa haƙarƙarin farko yake. Tsakanin waɗannan ƙasusuwa biyu, da kuma tsakanin wasu tsokoki biyu da suka sauko daga gefen wuya suka kama haƙarƙarin, akwai 'yar hanya. Duk abin da hannu yake rayuwa da shi ta nan yake bi: damin jijiyoyin da ke kai saƙon ji da motsi daga laka, da babbar jijiyar da ke kai jini hannu, da wadda ke dawo da shi zuciya. Kamar zaure ne mai ƙunci da dukan mutanen gida suke bi, in aka ajiye kaya a ciki dole a matsu. Ɗaga hannu sama yana ƙara tsuke wurin ko ga mai lafiya. Wanda nasa ya riga ya ƙuntata, nan take zai ji a jikinsa.

Alamun sun danganta da abin da aka danne. Sama da 90 cikin 100 na masu larurar jijiyoyin ji da motsi ne ake danne musu, kuma waɗanda suka fi shan matsi su ne na ƙasan damin, masu zuwa gefen hannu na ciki har ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Shi ya sa yatsun da kika ambata suka ja hankalina. Sai tsamin wuya da kafaɗa, ciwon ƙeya, saurin gajiyar hannu, da raunin riƙo. Ta fi kama mata, kuma yawanci tsakanin shekara 20 zuwa 50.

Malamar Firamare: Ikon Allah! Likita wallahi kamar kana gabana. To me ya jawo min? Ban taɓa karaya ba.

Likitan Gashi: Ba sai an karye ba. Ki tuna ko kin taɓa haɗarin mota ko na babur da wuyanki ya fizgu, ko da ba a ga rauni ba, domin tsokokin gefen wuya suna iya yin tabo su ɗaure daga baya. Sai aikin da ake yi hannu a sama kullum, kamar naki na allo, da na masu fenti, masu silin, masu wayarin. Sai jaka mai nauyi a kafaɗa ɗaya, ɗaukar jarkar ruwa da ke jan kafaɗa ƙasa, zaman duƙe wuya a kan waya ko keken ɗinki, ƙiba, da juna biyu. Ga mata har igiyar rigar nono in ta cika matsewa tana nutsewa a kafaɗa.

Malamar Firamare: Jakar littattafan yara da nake kai wa gida in yi maki, a wannan kafaɗar nake rataye ta kullum. Kuma shekarun baya mun taɓa faɗuwa a adaidaita, wuyana ya ƙage na ɗan lokaci.

Ɗalibin Likita: Da izinin Yallaɓai, ina da ja. Ina gudun kada duk wanda yatsansa ya yi dindiris a gidan nan ya tashi gobe yana cewa TOS gare shi. Mu abin da aka koya mana shi ne, wannan nau'in na jijiyar ji ba a furta shi sai an kore abubuwan da suka fi shi yawa, kuma har yau likitoci suna saɓani a kansa, saboda da yawan masu ƙorafin gwajin jijiyarsu yakan fito lafiya. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi ai su ne kuma suke mutuwa in jijiyar da ta bi ta bayan gwiwar hannu ta matsu, kamar ga masu dogara gwiwar hannu a tebur ko masu barci hannu a lanƙwashe. Faifan da ke tsakanin ƙasusuwan wuya ma in ya zame yana aiko da zogi har yatsu. In kuwa babban yatsa ne da manuni da na tsakiya, matsalar a wuyan hannu take. Ga ƙarancin sinadarin B12. Kuma a ƙasarmu bai kamata a manta da kuturta ba: tana son wannan jijiyar ta gwiwar hannu, tana zuwa da tabo mai haske a fata wanda ba a jin taɓi a kansa, kuma maganinta kyauta ne.

Likitan Gashi: Ban ƙi ko ɗaya ba, ƙanina, kuma na ji daɗin da ka kawo su. Shi ya sa na ce a bincika. Sai dai ka lura da abu biyu a bayanin Malama. Matsewar gwiwar hannu ba ta cika zuwa da tsamin wuya da ƙeya ba, kuma lanƙwasa gwiwar ce ke tayar da ita. Masu zamewar faifan wuya kuwa da yawansu in suka ɗora hannu a ka sauƙi suke ji, ita kuma nan ne nata yake tashi. Saɓanin likitoci gaskiya ne, amma illarsa a wajen marasa lafiya ita ce a yi ta gwaji yana fitowa lafiya, ƙarshe a ce wa mace damuwa ce ke damunta ko raki. Wannan ne ba na so. Sunan larurar ma tun 1956 aka sa shi, a wani rahoto na Peet da abokan aikinsa a asibitin Mayo na Amurka, kuma rahoton a kan magance ta da motsa jiki yake.

Maman Biyu: Likita babu wani gwaji da mutum zai yi a gida? Ni ma in ina yi wa yara kitso hannuna yakan yi haka.

Likitan Gashi: Akwai wanda muke yi, ana kiransa gwajin Roos. Mutum ya ɗaga hannuwa biyu, damtse daidai kafaɗa, gwiwar hannu a lanƙwashe, tafuka suna kallon gaba, ya riƙa dunƙulewa yana buɗewa a hankali har minti 3. Mai lafiya gajiya kawai zai ji. Mai larurar yawanci ba ya kaiwa, ainihin ciwon da yake kuka da shi ne zai taso har ya sauke hannun. Amma Maman Biyu, kada ki ɗauke shi hukunci. Masu wasu matsalolin jijiya ma suna kasa shi. Haka wani gwajin da ake juya wuya a ji ko bugun jini ya ɓace a wuyan hannu, mutane da yawa masu ƙoshin lafiya nasu yana raguwa.

Yayan Magini: Salam. Ina ta karantawa gabana na faɗuwa. Ƙanena yana aikin silin na POP, saurayi ne mai ƙarfi, yana kuma ɗaga ƙarfe da yamma. Shekaranjiya bayan sun yini suna aiki hannunsa na dama ya kumbura tun daga hammata har yatsu, ya yi nauyi, ya yi duhu fiye da ɗayan, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a kafaɗarsa da saman ƙirji. Shi ba dindiris yake ji ba, cewa yake kamar hannun zai fashe. Muna ta gasa masa da ruwan zafi, an ce gobe a kai shi a ja hannun. Shi ma wannan ɗin ne?

Malamar Jinya: Ɗan'uwa don girman Allah ku daina gasawa, kada kowa ya murza ko ya ja hannun nan. Ku tafi babban asibiti yanzu, sashen gaggawa, kada ku jira gobe.

Likitan Gashi: Abin da Sista ta faɗa shi ne. Tashi ku tafi, ka karanta sauran a hanya. Abin da ka kwatanta ya yi kama da nau'i na biyu na wannan larurar, inda jijiyar da ke dawo da jini ce ake ta murƙushewa tsakanin ƙasusuwan nan har jini ya daskare a cikinta. Likitoci suna kiransa ciwon Paget da Schroetter, kuma samari majiya ƙarfi ya fi kamawa, a hannun da suka fi aiki da shi, bayan aiki mai tsanani. Bai fi 3 zuwa 5 cikin 100 na masu larurar ba, amma haɗarinsa shi ne gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu. Ku ce a yi masa sikanin ɗin jijiyoyin jini na hannu da gindin wuya. In an tabbatar za a sa shi a maganin tsinka jini, kuma narkar da gudan ya fi yiwuwa a cikin mako 2 na farko. In ya fara haki, ko ciwon ƙirji, ko tarin jini, ku faɗa tun daga bakin ƙofa.

Yayan Magini: Innalillahi. Mun kama hanya. A sa mu a addu'a.

Abban Yara: Allah ya ba shi lafiya, ya sa an je a sa'a.

Hajiya Babba: Amin ya Allah. Amma ni fa Likita ban yarda a ce ƙaho ba ya magani ba. Tun kakanninmu ake yi, kuma ni na yi na ji sauƙi a kafaɗata.

Likitan Gashi: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ban ƙaryata sauƙin da kika ji ba. Tsokar da ta ɗaure takan saki in ta ji ɗumi ko an ja fatar wurin, shi ya sa mu ma muke gashi. Amma ƙaho ba ya faɗaɗa tsakanin ƙashi da ƙashi, kuma jinin da yake fitarwa na fata ne, ba ya kaiwa ga gudan da ke can cikin babbar jijiya. Ga yaron nan kuma, in an sa shi a maganin tsinka jini, tsaga fata haɗari ne, jinin zai yi wuyar tsayawa. Abin da ya fi damuna da kalmar sanyi shi ne takan sa a zauna. Mutum ya shekara yana shan maganin kashe zafi daga kemis, ya jawo wa kansa gyambon ciki ko ciwon ƙoda, hannun kuma yana nan yadda yake.

Hajiya Babba: To, na ji wannan. Allah ya sa mu dace. Amma ruwan sanyin dai ta rage.

Anti Mai Ɗinki: Ni bari in ba da nawa labarin ko zai amfani wata. Nawa a hagu ne, kuma ba sagewa kaɗai ba. Hannun yakan yi sanyi ƙalau ko da zafi ake, tafin ya yi fari fat, in ina yanka yadi sai ya gaji ya kama ciwo. Wata rana na ga ɗan baƙin tabo a kan yatsana mai zafin tsiya. Da aka yi hoton wuya sai aka ga ashe ina da ƙarin haƙarƙari a sama da na farko, tun haihuwa. Shi ne ya danne jijiyar da ke kawo jini. An yi min tiyata an cire, alhamdulillahi yanzu ina aikina.

Maman Biyu: Ƙarin haƙarƙari kuma Anti? A wuya?

Ɗalibin Likita: Ƙwarai kuwa. Yana tsirowa daga ƙashin wuya na 7, kuma kusan mutum 1 cikin 100 ko ƙasa da haka ake haifa da shi, wani a gefe ɗaya, wani duka biyun. Mafi yawansu har su tsufa ba su san da shi ba, don haka ganinsa a hoto kaɗai ba dalilin tiyata ba ne. Irin na Anti shi ne nau'i na uku, wanda ya fi ƙaranci, wajen 1 cikin 100, kuma ya fi saurin yin ɓarna. Jijiyar da aka danne takan buɗe ta yi ƙullutu a gaban wurin matsin, wani lokaci har a ji abu yana bugawa a saman ƙashin gaban kafaɗa, ƙananan gudajin jini su riƙa ɓallewa suna toshe na yatsu. Baƙin tabon da ta gani ke nan. In aka yi sakaci ana iya rasa yatsa. Hannu ɗaya mai sanyi, fari, da raunin bugun jini, na gaggawa ne kamar mai kumburi.

Direban Tirela: Likita ni kuma na karye a wannan ƙashin na gaban kafaɗa, aka yi min ɗorin gida, ya haɗe amma da tudu. Yanzu in na daɗe riƙe da sitiyari hannun sai ya mutu, kuma na lura naman gindin babban yatsana ya faɗa, bai kai na ɗayan ba.

Likitan Gashi: Malam Direba, naka ya fi na Malama buƙatar hanzari. Ƙashin da ya haɗe a karkace ko ya yi tudu yana cinye hanyar da muke magana. Ramewar naman gindin babban yatsa kuma alama ce ta cewa jijiyar ta daɗe a danne har tsokar da take ciyarwa ta fara shanyewa, kuma naman da ya tafi ba lallai ya dawo duka ba ko an yi aiki. Ka nemi likitan ƙashi ko na jijiya, a yi hoton wurin da gwajin gudun saƙo a jijiya, domin matsewar wuyan hannu ma tana ramar da wannan naman, sai an bambance. In kana kusa da Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano, in Zariya ce akwai na Shika. In kana shan sigari ka faɗa musu, a haɗa da hoton ƙirji, saboda ƙari a ƙololuwar huhu yana iya danne waɗannan jijiyoyin ya zo da ciwon kafaɗa iri ɗaya.

Direban Tirela: Na gode Likita. Ina dawowa daga Legas zan je in sha Allah.

Malamar Jinya: Malam Direba, hannun da ke mutuwa a kan sitiyarin babbar mota ba naka kaɗai ba ne, akwai rayukan mutane a hanya. In da hali ka fara zuwa asibitin kafin tafiyar.

Abban Yara: Wai ashe ciwon nan ne ya taɓa dakatar da wani ɗan ƙwallon kwando a Amurka? Na tuna an yi ta zaginsa wai ya manta jifa.

Ɗalibin Likita: Shi ne, Markelle Fultz. Shi aka fara zaɓa a ɗaukar sababbin 'yan wasa na babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka a 2017, jifansa ya lalace, aka yi ta cewa tsoro ne, sai a Disambar 2018 aka sanar cewa nau'in jijiyar ji ne ke damunsa. Da gashi da motsa jiki aka bi da shi, ya koma wasa. Mutumin da ke da manyan likitoci a kansa ma sai da ya zaga wajen ƙwararru da dama.

Malamar Firamare: Wannan ya ɗan kwantar min da hankali. Ke nan ba dole sai an yi min tiyata ba?

Likitan Gashi: In aka tabbatar nau'in jijiyar ji ne kuma tsoka ba ta fara ramewa ba, da gashi ake farawa, kuma da yawa a nan suke samun sauƙi. Sai dai yana son haƙuri, ana ba shi watanni, sau da yawa 3 zuwa 6, kafin a yi zancen cire haƙarƙarin farko ko yanke tsokar wuyan. Abin da muke yi shi ne sassauta tsokokin gefen wuya da na saman ƙirji, ƙarfafa waɗanda ke riƙe allon kafaɗa, da koya wa mutum numfashi da ciki, domin mai numfashi da saman ƙirji waɗannan tsokokin na wuya yake wahalarwa, su kuma suna ɗago haƙarƙarin. Kada ki kwaikwayi atisayen bidiyo kafin a duba ki, wani yana ƙara tayar da ciwon, kuma kada ki bari kowa ya murɗa miki wuya.

Kafin ki samu ganin likita: ki raba littattafan nan gida biyu ko ki yi makin a makaranta. A allo ki tsaya daidai tsayin kafaɗarki, saman ki bar shi, ko ki sa ɗalibi mai kyan rubutu. A sauko miki da igiyar shanya. In za ki kwanta kada hannu ya haura kai, ki kwanta a ɗaya gefen ki rungumi matashi. Ki kuma riƙa rubuta abin da kike yi duk lokacin da ya taso da yatsun da suka mutu, ki tafi da takardar.

Yayan Magini: Jama'a mun gode, Allah ya saka da alheri. An yi sikanin, gudan jini ne a jijiyar ƙarƙashin ƙashin kafaɗa kamar yadda aka ce. An kwantar da shi, an fara allurar tsinka jini, sun ce likitan tiyatar jijiyoyin jini zai gan shi da safe. Yana tambaya ko zai iya komawa aikin silin in kumburin ya saɓe.

Likitan Gashi: Alhamdulillahi da kuka je. Ka ce masa saɓewar kumburi ba ita ce warkewa ba, matsin da ya jawo gudan yana nan, shi ya sa a irin nasa sau da yawa ake shawarar cire haƙarƙarin farko bayan an shawo kan jinin. Maganin kuma na watanni ne, kada ya yanke shi da kansa, kada ya haɗa shi da maganin ciwon jiki na kemis ba tare da ya tambaya ba. Zancen komawa silin da ɗaga ƙarfe, likitan da zai gan shi da safe ne zai ba shi lokaci, ku yi masa tambayar kai tsaye.